Doki ya shiga takardata ta zama ɗan ƙasa

Jiya a kicin, 'yata Hauwa tana cike mini takardar neman zama ɗan ƙasa, sai ta karanto wata tambaya: ka taɓa yin cacar da doka ta hana?

Na ce, "Sa a'a. Tawa mai lasisi ce."

Ta ɗago kai. "Taka, Baba?"

Dole na miƙa mata wayata. Abokin aikina ne ya nuna mini wani shafin caca a intanet. Da wani mutum kake caca, ba da kamfani ba, har kana iya cewa doki kaza zai faɗi a tsere. Na ce in dai faɗuwa ce ni gwani ne tun aji uku, na zuba kuɗina kan wani doki zai faɗi. Dokin kuwa ya zo na ɗaya.

"Baba, shafin nan na ƙasar waje ne. Ba a yarda da irinsa a nan jiharmu ta North Carolina ba."

"To, tallan cacar da ake yi kullum a talabijin fa?"

"Su suna da izini. Naka ba shi da shi."

Ni duk ɓoyon da nake yi, mamarta da liman nake gudu. Ban san gwamnati ma tana da nata haramun ɗin ba.

Na ce mu sa a'a kawai. Ta rufe kwamfuta, ta ce ba da hannunta za a yi ƙarya kan rantsuwa ba. Ta tafi ko abinci ba ta ci ba.

Shekara goma sha shida nake jiran takardar nan. Litinin za mu ga lauya a Elm Street.

Jama'a, ko lauya ya gyara takarda, da me uba yake gyara fuskarsa wurin 'yarsa?