Rigar Gola

Abin da na fara gani da na shiga gidan shi ne rigar. An wanke ta an shanya a kan igiya tsakanin rumbu da bishiyar gwanda, ruwa na ɗiga daga hannayenta. Ruwan ɗorawa ce mai dogon hannu, an ɗinke hammatarta da baƙin zare. Ita aka aiko ni in karɓo.

A lokacin ina ƙaramar sakandare. Yayana ne kocin yaran unguwarmu a Gazara, kuma a ƙungiyarsa kowane yaro da rigarsa yake tafiya gida, uwarsa ta wanke masa. Idan za a cire yaro ba a yin wani taro, rigar kawai ake aikawa a karɓo. Yaya ba ya shiga gidajen matan aure, yaran kuma ba wanda zai yarda ya karɓo rigar abokinsa. Sai aikin ya faɗo kaina, ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu.

Mai rigar kowa Gola yake ce masa, har mahaifiyarsa. Tun da aka kafa ƙungiyar shi ke tsaron raga, shi ne ma ya saro gorar da aka yi turaku da ita. Sai dai sauran yaran sun miƙe, shi bai ƙara tsawo ba. A wasansu da Gubuchi ta saman kansa ƙwallo ta riƙa bi, yana tsalle yana kama iska. Ga shi ranar Asabar za su je Kudan wasan ƙarshe na kofi, abokin Yaya kuma, wani ɗan acaɓa, ya samo musu dogon yaro daga Makarfi. Tun daga nan Yaya ya kasa zama wuri ɗaya. Ranar ma sai da na kai bakin zaure ya kira ni na dawo, ya dube ni, sannan ya sake cewa in tafi.

Mahaifiyar Gola ƙawar Ummanmu ce, Inna nake ce mata. Na same ta tana yanka tumatir za ta shanya. Na durƙusa na gaishe ta.

"Lale da 'yar boko! Yaya Ummanki? Yaya ƙafar Babanku? Me aka aiko ki?"

"Ba komai, Inna. Gaishe ki na zo yi."

"Ke ɗin? Ke da in kin hango ni a hanya sai ki shige bayan Ummanki?"

Ta yi dariya, ta miƙo mini gaɓar rake. Na zauna a bakin tabarma ina jujjuya shi a hannu, na kasa sha. Idona yana kan ƙasar da ke ƙarƙashin igiyar, inda ɗigon ruwa ya huda 'yan ramuka a jere. Na shirya maganar a bakina, ta watse, na sake shiryawa.

"Kin san abin mamaki?" in ji Inna. "Baban Gola ya ce ranar Asabar zai bar fadama ya tafi Kudan kallo. Mutumin da kullum yake cewa ƙwallo aikin marasa aikin yi ce! Har ya ce in wanke masa babbar riga."

Ana cikin haka Gola ya shigo da damin ganyen rake a ka, na awaki. Ganyen duk ya kakkarce masa hannu. Ya sauke damin, ya gan ni, ya dubi igiyar. Ya san gidajen da na taɓa shiga, ya kuma san abin da na fito da shi. Ya jira har Inna ta shiga ɗaki ɗebo wa Umma daddawa. Sannan ya yi ɗage, ya janyo rigar, ya miƙo mini.

"Ungo. Na ga dogon a fili jiya."

"Ai ba ta bushe ba."

"Za ta bushe a hanya. Ki sa ta cikin hijabi, kada Inna ta gani."

Na ɓoye hannayena a baya. Ya tsaya riƙe da ita, ruwa na bin gwiwar hannunsa.

"Wai da hannu ɗaya yake kama ƙwallo?" ya tambaye ni.

"Ban sani ba."

Muka ji motsin Inna. Ya mayar da rigar kan igiya da sauri, ta zauna a karkace. Na karɓi ƙullin daddawa, na yi sallama na fito.

Ban bi hanyar gida kai tsaye ba. Na zaga ta wurin injin niƙa, na juya kamar zan koma in karɓo, na kai bakin rijiya na sake juyawa. Raken yana hannuna har ya yi ɗumi.

A zaure na tarar da Yaya da abokinsa suna musu. Yaya na tsaye yana murza igiyar usur a yatsa.

"Malam, kofi kake so ko zumunci?" in ji ɗan acaɓan.

"Yaron naka ma shekararsa nawa?"

"Sha huɗu."

"Sha huɗu da gemu? A shagon aski na gan shi ana gyara masa saje!"

"Gadon gidansu ne. Kai dai ka sa gajeren nan, ka ga yadda 'yan Kudan za su mayar da ragarka kwandon tumatir."

Yaya ya juyo ya gan ni. Hannuna ya fara duba.

"Ina rigar?"

"A jiƙe take."

Abokin ya fashe da dariya. "A wannan ranar? Koci, 'yar aikenka ma ta koma ɓangarensa."

Yaya bai yi dariya ba. Ya zauna a kan benci, ya miƙe, ya leƙa waje, ya dawo.

"Koma ki karɓo ko a jiƙe." Na juya. "Tsaya. Ya san zancen?"

"Ya sani. Shi ya miƙo mini da kansa. Inna ce ba ta sani ba. Babansu kuma zai je kallo."

Ya warware igiyar usur daga yatsansa. Sannan ya ce, a hankali, "Je ki kawai."

Ban tafi ba. Ban taɓa mayar wa Yaya magana ba, balle a gaban baƙo, amma ranar na yi.

"Yaya, don Allah ka raka ni. Ka tsaya a zaurensu in kira maka shi. In cire shi za ka yi, ka gaya masa da bakinka."