Mil Uku Tsakanin Shaun Speight da Scotland

Shekara goma sha huɗu Shaun Speight ya yi yana buga ƙwallon zari-ruga ta mutum sha uku a wani ƙaramin kulob kusa da garin Featherstone a arewacin Ingila. Cikin 'yan gaba yake, waɗanda aikinsu shi ne su rungumi ƙwallo su faɗa cikin ƙarti uku, su tashi, su sake. Daga Litinin zuwa Juma'a yana bisa rufin gidajen mutane yana jera fale-falen dutse, ran Lahadi yana fili. Sau huɗu aka karya masa hanci. Bai taɓa sa rai Ingila za ta kira shi ba, don ya san akwai mutum talatin a gabansa.

Yana da shekara talatin da uku Mista Rennie ya bugo masa waya. Rennie tsohon malamin makaranta ne da ke nemo wa tawagar Scotland 'yan wasa, kuma yawancinsu a arewacin Ingila yake tsinto su, tunda doka ta ce in an haifi kakanka a ƙasa kana iya sa rigarta. Yakan bi kulob-kulob yana tambayar tushen kowa.

"An ce kakanka namu ne," in ji Rennie. "Muna da wasa uku a Oktoba, kuma 'yan gabanmu biyu sun ji rauni. Ka turo mini takardar haihuwarsa kafin Juma'a."

Duk garin an san marigayi Alec Purvis, mahaifin uwar Shaun, da ɗan Scotland. Haka ake kiransa a ramin kwal tun zuwansa a 1958. Da gishiri yake shan kunun alkamarsa kamar mutanen Scotland, kuma in Ingila da Scotland suna ƙwallo shi kaɗai ke ihu a ɗaya ɓangaren.

Shaun bai iya riƙe maganar ba. Kafin atisayen Talata 'yan kulob sun rataya masa siket mai zane-zane irin na mazan Scotland a ƙugiyar kayansa.

"Kai da ko Newcastle ba ka taɓa wucewa ba, balle ka kai Scotland!" in ji Kieran Lumb, wanda shekara biyu ke nan yana neman ƙwace masa gurbi. "Ka iya taken ƙasar ma kuwa?"

"Ina koya a mota. Kai dai ka tanadi kujera gaban talabijin."

Ran Laraba da azahar ya sauko daga rufi ya tafi gidan kakarsa Marjorie. Sai da ta sa shi ya cire takalma, ta zuba masa shayi, sannan ta ɗauko gwangwanin biskit ɗin da take ajiye takardu.

"Da wannan hancin za ka fito a talabijin? Za ka firgita yaran mutane."

"Hancin mijinki na gada, Kaka."

"Ƙarya kake. Nasa a miƙe yake."

Takardar tana can ƙasa, an ninke ta gida huɗu. Shaun ya buɗe, ya karanta, ya sake karantawa. Wurin haihuwa: Berwick, gundumar Northumberland. Ingila ke nan. Daga garin zuwa kan iyaka bai fi mil uku ba.

"Kaka, nan an rubuta Berwick."

"To da ina za a rubuta? Can aka haife shi."

"Ai Ingila ce."

"Ingila? Mutumin da sai da na yi wata shida kafin in gane abin da yake faɗa?" Ta karɓi takardar ta kai kusa da ido. "A ramin kwal duk wanda ya fito daga bayan Newcastle ɗan Scotland ne. Shi ma bai taɓa musawa ba." Sannan ta ce, "Ka ce musu uwarsa daga ƙetaren iyakar take. Wannan kam na tabbata."

Shaun ya san dokar. A kan kaka ta tsaya, ba ta kai ga uwar kaka ba. Ya shanye shayin, ya ninke takardar yadda ya same ta. Tsohuwar ta cusa masa biskit biyu a aljihu, abin da rabonta da yi tun yana firamare.

A cikin motar aikinsa ya kira Rennie ya gaya masa.

"Berwick kuma," in ji Rennie, ya ja numfashi. "Kai ne na uku. Ka yi haƙuri, ɗana. Na kalli wasanninka, da na sa ka." Har zai kashe wayar sai ya ce, "Ba ka san wani ɗan gaba mai kaka a wajenmu ba? Ko gurgu ne ina so."

Shaun ya daɗe yana kallon tsanin da ke ɗaure a saman motar da ke gabansa.

"Akwai Kieran Lumb. Kakarsa 'yar Paisley ce a Scotland, na ci abinci a gidanta. Bakinsa ya fi ƙarfinsa, amma yana da gudu. Shi bai ma san dokar ta shafe shi ba."

Kieran ya buga wasa biyu cikin ukun. Na farkon, Shaun ne ya kai iyayen Kieran filin a mota, don motarsu ba ta tafiya mai nisa. Da aka tashi yin taken ƙasa, Kieran baki kawai yake motsawa. Shaun, a layi na shida cikin 'yan kallo, ya rera shi tun daga farko har ƙarshe.