Baƙuwa Mai Shuɗin Fure

A Ruwan Bore, da an gama cin tuwon dare, mukan kewaye murhun Inna, kakata. Ni kullum ina gefe, ba na tambaya, sai sauraro. Tatsuniyoyinta duk da daɗi suke ƙarewa, ban da guda ɗaya.

"Ga ta nan, ku matso ku karɓa," ta ce, tana tura kara cikin wuta.

Wai wata baƙuwa ce kyakkyawa, mai shuɗin fure a ka, ta roƙi Sarkin Ruwa wurin zama, ko da faɗin faifai ne. Ya ba ta. Da safe ta miƙa hannu, 'ya ta tsiro a ƙarshensa. 'Yar ma ta miƙa nata. Kafin damina ta wuce sun rufe ruwan, rana ba ta shiga, kifi ya yi ta mutuwa. Mutane suka fusata, suka sassare ta da lauje. Kowane guntu ya tashi cikakkiyar mace.

Nan Inna ta tsaya. Ban san sanda na buɗe baki ba.

"To, Inna, yaya aka kore ta?"

"A'a, yau bebe ya yi magana! Wa yac ce maka an kore ta? Ƙurunƙus, ku tashi."

Bayan rasuwarta, ina karatu a Gusau, na zo hutu na tarar babu tafkinmu. Sai wani fili kore shar, wata irin kainuwa mai shuɗin fure ta shimfiɗe ko'ina.

Ƙanen mahaifiyata, Kawu Sani, ya ce bijiminsa na huɗa ya ɗauka makiyaya ce, ya afka, saiwoyi suka sarƙe shi, ya nutse. Guda ya rage masa, shi ma babu inda zai sa baki ya sha.

"Ai mun yi maganinta," in ji shi bayan mako guda, da na ga tafkin ya buɗe. "Gayya muka kira, har da makaɗa. Mun daddatse ta kamar ciyawar gona."

"Kawu, ina guntayen?"

"Ruwan sama ya kwashe su zuwa rafi mana."

Kafin in koma makaranta tafkin ya sake rufewa, Kawu ya sayar da bijimin.

Da, na ɗauka tsoratar da mu Inna take yi. Ashe gaya mana take yi cewa wata ɓarnar a ranar farko kaɗai ake iya hana ta. Bara na tsaya bakin gulbi a Bungudu, na ga guntaye suna wucewa a hankali, da furensu a ka. Babu wanda ya fi faɗin faifai.