Hannun da Goggo ba ta taɓa ba

Baba ya faɗo daga saman motar shanu a hanyar Damagum, ƙashin wuyansa ya karye. Wata huɗu ya yi a asibiti. Aka dawo mana da shi ƙafafu ba sa motsi, yatsu ma haka, wuyan hannu kaɗai yake iya ɗagawa. Ina hutun makaranta lokacin, kuma ni kaɗai nake karanta Turanci a gidan, don haka ni aka miƙa wa takardar da likita Bature ya haɗo shi da ita.

Maganar gajera ce. Kada a miƙe masa yatsu. A bar su su lanƙwashe su ɗan ƙage, domin in ya ɗaga wuyan hannu sai su rufe da kansu su kama abu. Bayan damina likitan hannu zai zo daga Jos ya ɗinke jijiyar babban yatsa don riƙon ya yi ƙarfi.

Sau biyu na karanta musu. Goggo, yayar Baba, wadda ta taso daga Nangere don jinya, ta ce ko dai Baturen bai ga hannun ba, ko ni ban iya karatun ba. Ita tun da take ba ta taɓa jin an gyara abu ta barinsa a karkace ba. Na ce to yau ta ji. Inna ta harare ni.

Shi Baba abinci ne damuwarsa. Shekara da shekaru yana cin tuwon rana a zaure da abokansa na kasuwar shanu, yanzu sai dai mata su ba shi a baki a cikin ɗaki. Loma uku yake karɓa ya juya fuska bango. Har ƙasusuwan kafaɗarsa suka fito.

Kullum da safe Goggo za ta narka man shanu, ta ja masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta shimfiɗa su a kan guntun katako ta naɗe da tsumma. Da azahar in kwance. Da la'asar ta mayar.

Ranar da zan koma makaranta na ce, "Baba, hannunka ne fa. Ka hana ta."

Ya ce, "Ita ta goye ni. Ke ki hana ta."

Na dawo hutun ƙarshen shekara, muka kai shi asibiti a keken shanu. Likitan hannun da ya zo daga Jos ya kwance tsumman. Hannun dama ya yi laushi, ya miƙe sambal. Baba ya ɗaga wuyan hannu, yatsun suka tsaya a buɗe, ko tsinke ba za su riƙe ba. Ta bakin malamin asibiti likitan ya tambayi wanda ya yi wannan aiki. Goggo ta gyara mayafi ta ce ita ce, kuma ba ta fasa ko kwana ɗaya ba.

Likitan ya ɗauki na hagu, wanda yake a dunƙule. Baba ya ɗaga, yatsun suka rufe a kan alƙalamin likitan.

Goggo ta ce, "A yi haƙuri da wannan, ban kai kansa ba. Na hagu ne, me za a ci da shi?"

Na hagun aka yi wa aikin. Da aka cire filasta na naɗe ƙotar cokali da tsumman nan na Goggo don ta yi kauri. Baba ya aika aka tambayi liman, liman ya ce lalura ce, ya ci. Aka ɗauko shi zuwa zaure, aka ba shi kwanonsa daban. Rabin miyar a riga ta ƙare, amma bai bar tuwo ba, kuma abokansa babu wanda ya kalli hannun.

Goggo ba ta koma Nangere ba sai bayan Sallah. Duk baƙon da ya zo dubiya sai ta ɗaga masa hannun daman ya ga yadda ya miƙe.