Zumar Ɗakin Baba

Shekarar da likita ya ce Baba yana da ciwon suga, ni na naɗa kaina 'yar sandan gidanmu na Abakpa. Ba wanda ya ba ni muƙamin. Ni ce babba, ni ce mai baki, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu duk abin da ya shafi Baba ni ake kira. Ina aure a Doka, ina aiki a ofishin gwamnati, amma kafin in wuce aiki sai na biya ta gida na huda masa yatsa da ɗan abin gwajin nan na ga inda sugan ya kwana.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne ƙaramin yatsan ƙafarsa ta hagu. Takalmi ne ya goge shi, ɗan ciwon da ko yaro ba zai yi kuka a kai ba, amma ya ƙi warkewa. Likita ya gaya mana a fili cewa muddin sugan bai sauka ba ciwon ba zai rufe ba, in kuwa bai rufe ba to maganar yanka za a yi. Baba ya yi murmushi ya ce Allah ya sawwaƙe. Ni dai tsoro ya kama ni, kuma ni in na tsorata faɗa nake yi.

Ƙanena da matarsa ne ke zaune da Baba, ita ke yi masa girki. Muna dawowa daga asibiti na faɗa kicin ɗinta ko mayafi ban cire ba. Na kwashe sukari na gari da na ƙwaya, na kwashe madarar gwangwani mai kauri, da mazarƙwaila, da katan ɗin lemon da 'yan dubiya suka kawo, na loda su a bayan mota. Na ce yaran gidan ma su yi haƙuri, mai son zaƙi ya same ni a Doka.

Baba bai yi gardama ba, abin da ya ba kowa mamaki. Mutumin da shayinsa sai ya yi kauri kamar kunu, sai ga shi yana kurɓar ruwan ganye salam yana yamutsa fuska. Aka koma tuwon alkama da acca, zogale kuwa har ya ce ya fara mafarkinsa. Duk da haka in na gwada shi da safe, lambar tana nan a sama ta ƙi motsi.

Na'urar na fara zargi. Na ari ta wata abokiyar aikina, ita ma abin da ta nuna ke nan. Na gwada kaina, na gwada ƙanena, mu lafiya lau. Sai na juya kan matar ƙanena. Na san akwai mata masu barbaɗa sukari a miya don kashe tsamin tumatir, akwai masu sa shi a ƙullun waina da koko, har hannu ya saba ba su san sun sa ba. Na fara zuwa ba zato, in buɗe tukunya in ɗanɗana. Wata rana ta same ni ina shinshina kofin Baba.

Ta ce, "Anti, in ba ki yarda da ni ba ki riƙa aiko masa da abinci daga gidanki mana."

Na ce, "Wa ya ce ban yarda da ke ba? Dubawa kawai nake yi."

Ta ci gaba da wanke-wankenta, amma daga ranar gaisuwarmu ta gajarce. Ban damu ba a lokacin, ƙafar ubana ce a gabana.

Daga nan na koma kan mai shayin da ke kusa da masallacin unguwa. Na tsaya a teburinsa da kaina, ni mace, na ce masa in Alhajin gidanmu ya zo kada ya ba shi komai. Ya rantse rabonsa da ganin Baba a bencinsa tun kafin azumi. Ban gaskata shi ba. Na kuma sa ido a kan aminin Baba, wani Alhaji da suka yi aiki tare kafin su yi ritaya, wanda ya koma Katabu da zama. Shi ma yana da ciwon, kuma duk Juma'a yakan zo su wuni. Na riƙa leƙa ledar da yake shigowa da ita, ba na ganin komai sai goro da jarida.

Da abin ya ishe ni na tunkari Baba da kansa. Mamana yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Na ce, "Baba, don Allah in akwai inda kake shan sukari ka gaya min, ba zan yi faɗa ba."

Ya ce, "Ke ce ba za ki yi faɗa ba? To wallahi, Mamana, tun ranar da likita ya hana ban sa sukari a bakina ba."

Baba ba ya ƙarya, balle da rantsuwa. Na fito ina jin kunya, amma zargin bai bar ni ba. Wani abu yana shiga cikin mutumin nan, kuma ta wani hannu yake shiga.

Akwai wuri ɗaya a gidan da ban taɓa dubawa ba, kuma bai ko zo min a rai ba: ɗakin Baba. Mu a gidanmu 'ya mace ba ta shiga ɗakin uba ta yi bincike. Iyakarki bakin ƙofa, ki yi sallama ki durƙusa ki faɗi abin da ya kawo ki. Ko shara ƙanena ke yi masa. Wata Asabar ina durƙushe a wannan bakin ƙofar ina gaishe shi, sai na ga kiyashi sun yi layi ta gefen tabarma, sun bi bango sun shige bayan durowa.

Na ce, "Baba, me kiyashin nan suke bi?"

Ya duba, nan take ya haɗe rai. Ya miƙa hannu bayan durowa ya jawo wata gorar roba mai baƙin abu a ciki, daga inda yake ajiye habbatus sauda da man zaitun. Ya ɗaga ta a haske yana juyawa.

Ya ce, "An cuce ni. Kiyashi ba ya bin zuma ta gaskiya. Mutumin nan ya yi min algus."

Ashe tun farkon ciwon Alhajin Katabu ya gaya masa zuma tsantsa maganin suga ce, ya haɗa shi da wani Bazamfare mai yawo da ita a jarka. Kullum bayan sallar Asuba sai Baba ya dama cokali mai kyau a ruwan ɗumi ya sha, da yamma ya ƙara. Da ya ga lambar ba ta sauka sai ya ƙara cokali, don a ganinsa maganin ne ya yi kaɗan. Ba ɓoye min ya yi ba. Sukari na tambaye shi, shi kuwa magani yake sha.

A ranar na gane inda na gado zargi. Baba ya sa aka kawo kofin ruwa ya ɗiga zumar, yana kallon ko za ta nutse ko za ta watse. Ya tsoma kan ashana ya ƙyasta, wai in ta kama to ba haɗi. Ashe haka yake yi wa duk gorar da aka kawo, ya sallami masu zuma da dama a kan haka. Ina can ina titsiye mutanen gida, shi yana nan yana titsiye masu talla, dukanmu sukari muke farauta.

Na ce, "Baba, ko ta gaskiyar ce ai zaƙi zaƙi ne."

Ya ce, "Mamana, so kike ki ce min abin da Allah ya sa waraka a cikinsa shi ke cutar da ni?"

Ba ni da ilimin da zan ja da shi a nan, kuma ba ni da hurumin tsallaka ƙofar nan in ɗauke gorar. Baba ya zubar da zumar da kansa, ya sa aka samo masa wata mai saƙa a ciki, wadda ya ce ita kam ba hannun da ya taɓa ta. Na yi magiya, na yi fushi, na kai ƙara wurin ƙanwarsa. Iyakar abin da na samu shi ne ya yarda a tambayi likita ranar komawa asibiti, kuma ranar da sauranta.

Likitan mutum ne mai sanyin magana. Ya ce wa Baba ba wanda ya musa akwai alheri a zuma, amma kowane magani da ciwon da ya dace da shi. Ya ce zaƙin da ke cikin gwanda ko gwaiba ko lemon ɓawo tare yake zuwa da tsokar ɗan itacen, a hankali yake shiga jini, shi ma da awo ake ci. Amma duk zaƙin da hannu ya ɗebo ya zuba a kofi, sukari ne ko mazarƙwaila ko zuma, jini ba ya tambayar daga ina ya fito.

Baba ya ce, "Har tsantsar?"

Likita ya ce, "Har ita, Alhaji."

Sannan ya kwance bandejin. Ban iya kallo ba, fuskar likitan na kalla, ita ta gaya min. Yatsan ya riga ya yi baƙi. A makon aka cire shi, aka ce mu gode wa Allah da abin ya tsaya a nan.

Baba mutum ne mai sirri da jikinsa. A gadon asibiti kullum ƙafar a lulluɓe take da zane, ko ƙanena bai yarda ya gani ba. In 'yan dubiya sun tambaya sai ya ce ɗan gyara aka yi. Matar ƙanena ce ke kawo abinci, ni ina karɓa a ƙofa ina mata sannu fiye da yadda na saba.

Ranar Juma'a sai ga Alhajin Katabu, yana ɗan ɗingishi, da ledarsa a hannu. Bayan gaisuwa ya zaro gora ya ajiye a gefen gado.

Ya ce, "Waccan da ka sha ina jin an haɗa ta. Wannan daga daji aka kawo min, ita nake sha yanzu."

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya ɗaga min hannu. Ya dubi amininsa, ya dubi ƙafar da yake ɗingisawa.

Ya ce, "Me ya samu ƙafarka?"

Alhaji ya ce, "Ɗan tuntuɓe ne, ya kusa warkewa."

Baba ya ce, "Mamana, jawo masa kujera kusa."

Na jawo. Alhaji ya zauna. Baba ya sunkuya da ƙyar, ya kama bakin zanen da hannunsa ya yaye.