Gwiwar da ta tona mini asiri a Guangzhou

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da maƙwabcin shagona, za mu Guangzhou saro kayan yara na Sallah. Shi zuwansa na biyu ke nan, ni kuwa ƙasar Sin gida ce, don a arewacinta na yi karatu. A can ne ma kaska ta cije ni a wani daji, ta bar mini ciwon da likitoci ke kira Lyme. Na sha magani na warke, shekaru suka ja har na manta.

Tun a Addis, inda muka canja jirgi, gwiwata ta dama ta fara yi mini sallama. Kafin mu sauka a filin jirgin Baiyun na Guangzhou ta kumbura suntum, ga wata gajiya da na yi wa farin sani. Maƙwabcina ya sungumi jakarsa da tawa yana haye matakala bibbiyu. Na ce Allah ya saka da alheri, amma wallahi haushinsa nake ji.

Washegari na tafi asibiti. Can komai a waya ake yi, daga kama layi har biyan kuɗi, kuma ganin likita bai kai kuɗin tasin da ta kai ni ba. Likitar ta ce ciwon baƙo ne a kudancin ƙasar. Ta sa aka ɗebi jinina, amma ta ce jini ba ya mantuwa, ko mutum ya daɗe da warkewa gwajin kan nuna alamar ciwon. Don haka ta zuƙi ruwan gwiwar da sirinji ta aika wani wurin gwaji. Ta rubuta mini ƙwayoyi na wata guda, ta hana ni yawo da shiga rana, ta kuma ce kada in haɗa maganin da madara. Ni da shayi mai kauri ne abokin hirata!

To, ga inda gizo ke saƙar. Kowane ɗan kasuwa yana da gidan kayan da ba ya nuna wa ko ɗan uwansa. Nawa yana wani lungu a saman bene, cikin manyan kantunan Guangyuan, wurin wani dattijo da muke kira laoban, wato maigida. Shekaru ina zille wa Kanawa a tashar jirgin ƙasa don kada a biyo sawuna. Idan kuma ban sa oda a makon ba, kaya ba za su iso kafin Sallah ba.

"Alhaji, kwatanta mini wurin kawai," in ji maƙwabcina. "Amana ce."

Na yi ta juya maganar, daga ƙarshe na kwatanta masa, raina ba ya so.

Ina kwance a masauki da kwanon taliyar Musulman Lanzhou, ƙafa a kan matashi, sai ga hotunansa a waya. Ga shi a kan kujerata, laoban na zuba masa shayi a ɗan mitsitsin kofi, shi kuma yana washe baki. Kalmar Sinanci uku ya iya, amma ya dawo da kyautar ganyen shayi a gwangwanin da ya ninka wanda ake ba ni. Abin da ya fi ci mini rai, kayan da ya zaɓo mini sun yi kyau ƙwarai. Na nemi aibu ɗaya na rasa. Ya kai su wurin masu jigila da ƙafafunsa, ni ko kasuwannin unguwar Liwan ban leƙa ba.

Ana gobe za mu taso sakamako ya fito: ba a ga ƙwayar cutar a ruwan ba. Likitar ta ce wannan ma ba tabbas ba ne, in shanye maganin, in ga likita a gida.

Mun dawo lafiya, kumburin yana sacewa. Amana kuwa ya riƙe, bai gaya wa kowa ba, sai dai kansa. Yanzu rigunan da ke rataye a shagona su ne a nasa.

Tafiyar ta koya mini cewa sirrin ɗan kasuwa lafiyarsa ce ke gadinsa. Kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Alhaji, an sha magani? Ban da madara fa." In ce na sha. Sai ya tsallake kwatar da ke tsakanin shagunanmu da tsalle ɗaya, ni kuma in kau da kai.