Gawar Yaya Ngatini Tana Jiran Sunanta

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Yaya Ngatini a asibiti a nan Hong Kong, bayan ta shekara goma sha tara tana aikatau a gidajen mutane. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Yaya, ke kika mayar mana da Lahadi ranar makaranta. Ita kaɗai ce ranar hutunmu. Mukan baje kwalaye a ƙarƙashin gada muna ta ɗaukar hoto, sai ki dire robar waken soya ki ce, "Ku tashi, 'yan gayu! Haka za ku tsufa kuna wanke bayin wasu?" A nan kika koya mana yin tempe, abincin ƙasarmu na waken soya, daga murje ɓawon waken har naɗe shi a ganyen ayaba. Nawa na farko ya yi ɗoyi, kika shinshina kika ce, "Warsiti, wannan ko mijin da ya guje ni ba zan ba shi ba." Yau mata bakwai sun koma ƙauyukansu suna cin abinci da sana'ar, ba wadda ta sake barin 'ya'yanta.

Ga shi yau kwananki goma sha biyu a firjin asibiti. Dillalin da ya kawo ki tun kina yarinya ya ƙara miki shekaru, ya liƙa miki sunan wata a fasfo. Mahaifiyarki a garinku Blitar, can ƙasarmu, ta kai takardunta don a sako gawarki, aka ce a rubuce ba 'yarta ba ce. Na buga wa dillalin waya, ya ce, "Haba ƙanwata, ai kowa haka aka yi masa a lokacin. Haƙuri za ki yi." Washegari ya aika ƙaton allon furanni na ta'aziyya ƙofar gidanku, sunan kamfaninsa ya cinye rabi, sunan bogin nan kuma a sama. Wallahi ƙyamarsa nake ji har cikin raina. Su ma masu kwat da suka zo bara suka yi hoto da tempenki, suka kira shi shirinsu na tallafa wa mata, ko ɗaya bai ɗaga wayata ba.

Tsohuwarki ta sa an haƙa kabari tun ranar farko. Sau biyu ruwan sama yana cika shi ana kwashewa.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya, da sunan da mahaifinki ya raɗa miki. Ya yafe kurakuranki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Muna miƙa ta'aziyya ga 'yarki Lestari da mahaifiyarki, Inna Sarinem. Allah Ya ba su haƙuri, Ya ja kwanan tsohuwar nan har ta ga an rufe kabarin kina ciki.